Cinikin Biri a Sama: Tsokaci Kan Takardun Bayanin Manhajojin Fihirisa

Gabatarwa

Ɗalibai 'yan'uwana, na san wasunku da zarar sun ga kan wannan maƙala za su ce, "To, mu kuma ina ruwanmu da manhajar kwamfuta? Ai wannan maganar 'yan sashen kimiyya ce." Ina roƙon mai irin wannan ra'ayi ya ɗan yi mini haƙuri ya karanta zuwa ƙarshe, domin abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faro ne daga baƙaƙe uku da muke fama da su kullum a aji, wato ɓ da ɗ da ƙ.

Ni ɗan Kafanchan ne, kuma ba da Hausa na fara buɗe baki ba. A gidanmu Fantswam ake yi, wanda masana ke lissafawa cikin rassan harshen Tyap. Hausa kuwa a kasuwa da tasha da makaranta na tsince ta, kamar yawancin yaran kudancin Kaduna. Irin Hausar da muka tashi da ita ba ta cika damuwa da baƙaƙe masu lanƙwasa ba. Ina aji ɗaya a wannan sashe, ranar da na fara karatu a gaban jama'a, na ce "aiki ya kare" maimakon "aiki ya ƙare". Malam ya ɗago kai ya ce, "Wa aikin ya kare, kuma daga wane hari?" Aji ya bushe da dariya. Na ji kunya, amma tun daga ranar ban sake raina lanƙwasa ba. Ni dai na sami mai gyara mini. Abin da nake son mu tattauna shi ne na'urar da ke yin irin kuskurena, alhali babu wanda ya gaya wa masu amfani da ita cewa tana yi.

Mece ce manhajar fihirisa?

Duk wanda ya taɓa neman wata kalma a bayan littafin nahawu ya san fihirisa, wato jerin kalmomi tare da lambar shafin da kowace take. To, manhajar kwamfuta ita ma rubutu ce. Masu gina ta suna rubuta umarni layi-layi a cikin fayiloli, wani lokaci ɗaruruwa, wani lokaci dubbai, kuma kowane ƙaramin aiki da ke ciki yana da sunan da aka raɗa masa. Idan rubutun ya yi yawa, dole a sami hanyar gano inda kowane suna yake. Tun wajen ƙarshen shekarun 1970 wani mai suna Ken Arnold ya rubuta wata 'yar manhaja da ake kira ctags, wadda ke bin fayiloli tana fitar da jerin sunaye da wuraren da suke. A 2016 kamfanin Microsoft ya fito da wata ƙa'ida ta bai ɗaya da ke ba manhajojin rubutu damar tambayar inda aka fara ambaton suna da duk inda aka kira shi. A 2018 aka saki tree-sitter, wadda Max Brunsfeld ya gina a kamfanin GitHub. Wannan ta ƙarshe za ta burge ɗalibin ginin jimla, domin tana feɗe rubutun manhaja ne ta fitar da bishiya mai rassa, kamar dai bishiyar li'irabi da muke zanawa a allo, yankin suna a nan, yankin aikatau a can.

Daga nan sai mataimaka masu ƙirƙirarriyar basira suka shigo. GitHub Copilot ya fito a 2021, ChatGPT kuma a watan Nuwamba na 2022, wasu da dama suka biyo baya. Irin wannan mataimaki yana da iyakar rubutun da zai iya dubawa a lokaci guda. Saboda haka idan ka tambaye shi wani abu game da manhajarka, akwai wata manhaja a bayan fage da ke zaɓo masa guntayen da take ganin sun shafi tambayar. Wasu suna zaɓowa ta hanyar sunaye da bishiyar da na ambata. Wasu kuma suna yayyanka rubutun gunduwa-gunduwa, su mayar da kowace gunduwa jerin lambobi da ke wakiltar ma'anarta, sannan su ɗauko waɗanda lambobinsu suka fi kusa da na tambayarka. Waɗannan su ne nake kira manhajojin fihirisa.

Garinmu ya yi suna ne da tashar jirgin ƙasa, inda tun shekarun 1920 layin da ya taso daga Fatakwal ya haɗu da na Kaduna da na Jos. Duk wanda ya tashi kusa da tasha ya san cewa direba, komai gwanintarsa, inda mai juya layi ya tura shi nan zai bi. Haka mataimakin na'ura yake da fihirisa. Abin da ba a miƙo masa ba, bai gan shi ba. Babbar matsalar ita ce ba kasafai yake cewa "ban gani ba". Sau da yawa sai ya cike gurbin da abin da ya ƙago, ya kuma faɗe shi da ƙarfin gwiwa.

Takardar bayani kuwa ita ce rubutun da masu manhaja ke haɗawa da ita domin su gaya maka abin da take yi, da yadda ake sarrafa ta, da inda ƙarfinta ya tsaya. A kan ingancin wannan takarda nake son yin magana.

Abin da ya same mu

A dogon hutun da ya wuce, ni da wani abokina da muka yi sakandare tare, wanda yanzu yake karanta kimiyyar kwamfuta, muka ƙudura aniyar haɗa ɗan ƙaramin ƙamus na waya, Hausa zuwa harshen gidanmu. Ni ne mai tattara kalmomi daga bakin kakata da wasu dattawan unguwa, shi kuma mai gina manhajar. Irin wannan buri ba baƙo ba ne a Kafanchan. Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996, ta daɗe da shigo da horon kwamfuta da intanet mara waya yankin, kuma a 2022 'yan sa-kai suka kai ga buɗe Wikipedia ta harshen Tyap.

Abokina ya raɗa wa ayyukan da ke cikin manhajar sunayen Hausa, domin harshen gina manhaja na Python ya yarda da haka tun fitowar sigarsa ta uku a 2008. Akwai wani aiki da ya kira ƙirga_kalmomi. Wata rana ya umarci mataimakin na'urar da yake amfani da shi ya gyara wannan aiki. Mataimakin ya ce babu aiki mai wannan suna, kuma nan take ya rubuta sabo ya kira shi kirga_kalmomi, babu lanƙwasa. Abokina yana sauri bai lura ba. Manhajar ta koma tana da masu ƙirga biyu, wani shafi na kiran tsoho, wani na kiran sabo, lissafinsu kuma ya ƙi zuwa ɗaya. Kwana uku muka yi muna neman inda gizo ke saƙar, muna sayen data, muna kai kwamfuta shagon caji duk lokacin da aka ɗauke wuta.

Da muka gano wannan, sai wasu suka biyo baya. A rubutun Tyap akwai wasali mai ɗan layi a ƙasa, kamar a farkon sunan A̱tyap. A wurin kwamfuta wannan wasali abu biyu ne, harafi da kuma alamar da aka liƙa masa. Manhajar fihirisar tana yanka kalma daidai wurin alamar, sai kalma ɗaya ta zama guntaye biyu marasa ma'ana. Haka kuma 'ya'ya da 'yanci, domin alamar da ke gaban y tana da kamanni aƙalla uku a kwamfuta, ido na ganinsu kusan ɗaya amma na'ura na ɗaukarsu daban-daban. Mutanen Nijar da ke rubuta ƴ sun huta da wannan, amma su ma sun faɗa cikin matsalar lanƙwasa. A ƙarshe muka gano cewa babban fayil ɗin kalmomin, wanda shi ne zuciyar aikin, bai ma shiga fihirisar ba saboda ya wuce wani girma da aka ƙayyade.

Sai muka koma ga takardar bayanin manhajar. A saman shafin farko an rubuta da manyan baƙaƙe cewa tana aiki da harsuna masu yawa. Na yi murna, na fara neman Hausa a jerin. Ashe harsunan gina manhaja ake nufi, irin su Python da Java. Game da harsunan mutane da baƙaƙensu babu ko kalma ɗaya. Babu maganar iyakar girman fayil. Babu kwanan watan da aka rubuta takardar. Ba zan ambaci sunan manhajar ba, domin bayan haka na duba takardun wasu irinta, na ga ciwon ba nata ba ne ita kaɗai. Mun yi cinikin biri a sama, kuma laifin ba na rashin karatunmu ba ne, domin mun karanta duk abin da aka rubuta.

Darasi daga ƙamus

A nan ne na tuna da darasin da aka yi mana kan ƙamusoshin Hausa. Malam ya sha nanata cewa kafin ka nemi kalma ko ɗaya, ka fara karanta shafukan gaba, inda mai ƙamus ke bayyana yadda ya jera baƙaƙe, da yadda ya nuna karin sauti da tsawon wasali, da ma'anar gajerun alamomin da ya yi amfani da su. Ƙamusun Bargery na 1934 yana nuna maka idan kalma ta Sakkwato ce ko ta Katsina. Abraham ya fitar da nasa a 1949, Paul Newman da Roxana Ma Newman suka fitar da nasu a 1977, sannan Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Kowannensu sai da ya yanke shawara kan yadda zai yi da baƙaƙe masu lanƙwasa da karin sauti da karin harshe, kuma mai karatu na da hakkin ya san shawarar da aka yanke. Ƙamus shi ma fihirisa ne, shafukansa na gaba kuma su ne takardar bayaninsa. Ke nan mu ɗaliban harshe an riga an koya mana yadda ake auna irin wannan takarda, sai dai ba mu san cewa ilimin zai yi aiki a wajen aji ba.

Ba ni na fara ganin wannan alaƙa ba. A 2018 wata masaniyar harshe a Jami'ar Washington ta Amurka, Emily Bender, tare da Batya Friedman, sun ba da shawarar cewa duk wanda ya tara rubutu don koyar da na'ura ya haɗa shi da bayanin ko wane karin harshe ne, su wa suka yi maganar, kuma a wane yanayi. Ita ce kuma aka sani da matsa wa masu bincike lamba su riƙa faɗin sunan harshen da suka yi aiki a kansa, ko da Ingilishi ne, domin yin shiru na sa a zaci aikin ya shafi kowane harshe. A shekarar dai Timnit Gebru da abokan aikinta suka kawo shawarar takardar shaida ga kowane tarin bayanai, Margaret Mitchell da nata abokan aikin kuma suka kawo makamanciyarta ga su kansu na'urorin. A 2022 aka buga wani bincike da Julia Kreutzer da Isaac Caswell da masu bincike da dama, ciki har da 'yan ƙungiyar Masakhane ta Afirka, suka yi. Sun zauna sun duba samfuri daga tarin rubutu 205 na harsuna daban-daban da aka kwaso daga intanet, suka tarar aƙalla 15 daga ciki babu rubutu mai amfani ko kaɗan, wasu da yawa kuma abin kirkin da ke cikinsu bai kai rabi ba. An liƙa musu sunan harshe, amma abin da ke ciki daban.

Akwai kuma misalan kirki daga gida. Aikin MasakhaNER na 2021, wanda ya ƙunshi harsunan Afirka goma har da Hausa, ya faɗi a fili cewa rubutun Hausarsa daga labaran Muryar Amurka aka ɗauko shi. Aikin NaijaSenti na 2022, wanda Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero ya jagoranta, ya bayyana cewa saƙonnin Twitter ne, wajen 30,000 a kowane harshe, da yadda aka tattara su da yadda aka tantance su. Da wannan bayani mai amfani zai san cewa Hausar gidan rediyo ce a wancan, Hausar matasan waya ce a wannan, ya kuma san abin da bai kamata ya nema a ciki ba. Abin da nake nema daga masu manhajojin fihirisa bai wuce wannan ba.

Ma'aunai shida

Daga abin da ya same mu da abin da na koya a aji, ga tambayoyi shida da nake ganin ya kamata mu yi wa kowace takardar bayani kafin mu amince da manhajarta.

Na farko, me ke shiga fihirisa, me kuma ba ya shiga? Takarda mai kyau za ta lissafa irin fayilolin da ake karantawa, da waɗanda ake tsallakewa, da iyakar girma idan akwai. Da an rubuta mana layi ɗaya kan girman fayil, da mun raba kalmominmu gida huɗu tun ranar farko.

Na biyu, yaya take yi da baƙaƙe? Wannan shi ne namu. A tsarin Unicode, wanda kusan duk kwamfutocin duniya ke bi, ƙ harafi ne mai zaman kansa, ba k ba ne da aka ɗora wa ado. Haka ɓ da ɗ da ƴ. Saboda haka manhaja na iya yin ɗaya daga cikin abu uku: ta riƙe su yadda suke, ko ta mayar da su k da b da d, ko ta ɗauke su tamkar alamar rabuwa ta yanka kalma a wurin. Kowace hanya da abin da take haifarwa. Idan ta riƙe su, wanda ya rubuta kasa a waya ba zai sami ƙasa ba. Idan ta share lanƙwasar, baki da baƙi, kafa da ƙafa, daka da ɗaka, bari da ɓari duk sun zama abu ɗaya. Ba na cewa dole ta bi hanya kaza. Cewa nake yi ta faɗi wadda ta bi, ta kuma faɗi harsunan mutane da aka gwada ta da su.

Na uku, ina rubutun namu yake zuwa? Wasu manhajojin a cikin kwamfutarka suke gina fihirisa, wasu kuma sai sun aika da guntayen zuwa manyan kwamfutocin kamfani a wata ƙasa. Ranar da na fara ɗaukar muryar kakata ta tambaye ni, "Kai yaro, ina za ku kai maganar tawa?" Na ce, "Kaka, a wayata kawai za ta zauna." Daga baya na gane cewa na yi mata alkawarin da ban san ko na cika ba, domin cikin misalan jimlolin da ta ba ni akwai sunayen dangi da zancen gona da na gado, kuma takardar ba ta ce komai kan inda suke tafiya ba. Nijeriya na da Dokar Kare Bayanai ta 2023. Duk ɗalibin da ke tattara bayanai daga bakin mutane don kundin kammala digiri, wannan tambaya ta shafe shi kai tsaye. Takardar kirki za ta faɗi abin da ke fita, da inda ake ajiye shi, da tsawon lokacin ajiyar, da yadda ake goge shi.

Na huɗu, yaushe aka rubuta ta, kuma don wace siga? Waɗannan manhajoji na sauyawa kusan kowane wata. Takardar da ba ta da kwanan wata kamar jarida ce da aka yage kanta, ba ka san ko labarin na jiya ba ne ko na bara. Haka kuma ya kamata ta faɗi lokacin da fihirisar ke sabunta kanta bayan ka yi gyara, domin tsohuwar fihirisa na sa mataimaki ya riƙa magana kan abin da ka riga ka goge.

Na biyar, akwai misalin da za a iya bi daga farko har ƙarshe? Wani masanin rubuta irin waɗannan takardu, Daniele Procida, ya kasa su gida huɗu: darasin ɗan koyo, da jagorar yin wani takamaiman aiki, da kundin dubawa, da bayanin dalili. Yawancin waɗanda na duba suna da kundin dubawa, wanda sai wanda ya riga ya iya yake amfana da shi, amma darasin ɗan koyo sai dai guntu. Ni zan ƙara da namu na gida: a faɗi yawan datar da aikin zai ci, da abin da zai faru idan intanet ta yanke ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar gina fihirisa. Wanda ya rubuta takardar a inda wuta ba ta ɗaukewa ba zai tuna da wannan ba, amma mu a Zonkwa da Kagoro da Kwoi shi ne abin da za mu fara tambaya.

Na shida, ta faɗi inda take gazawa? A ganina wannan ne ma'aunin da ya fi sauran nauyi. Takardar da babu sashen gazawa a cikinta talla ce. Mai sayar da citta a Kachia da ya ce maka buhun nan akwai ɗan danshi a ƙasansa, shi ne za ka koma wa baɗi. Ina son in ga an rubuta cewa ba a gwada manhajar da baƙaƙen da ba na Ingilishi ba, ko cewa idan ta tsallake fayil ba ta sanarwa. Irin wannan gaskiya ba ta rage wa manhaja daraja a idona.

Akwai wani ƙarin dalili da ya sa abin ya fi da muhimmanci. Yanzu ba mutane kaɗai ke karanta takardun bayani ba. Su kansu mataimakan na'ura suna karanta su domin su san yadda za su yi amfani da kayan aikin da aka haɗa su da su. Idan takarda ta ce manhaja na karanta dukkan fayiloli alhali ba haka ba ne, mataimakin zai gaskata, ya kuma maimaita wa duk wanda ya tambaye shi. Kuskuren da a da zai ɓatar da mutum ɗaya, yanzu yana iya ɓatar da dubbai a rana guda.

Masu ja da wannan ra'ayi

Abokina da kansa ya fara ja da ni. Ya ce, "Mutumina, ai da mun raɗa sunayen da Turanci da ba mu sha wannan wahala ba." Gaskiya ne, kuma daga baya haka muka yi da sunayen ayyukan. Amma kalmomin ƙamusun fa? Su ba za su koma Turanci ba, domin su ne aikin. Duk wanda zai gina manhajar asibiti ko ta makaranta ko ta kasuwa a ƙasar nan zai ci karo da Ɗanladi da Ɓaidu da Ƙaura a cikin bayanansa. Guje wa lanƙwasa a wuri ɗaya ba ya kawar da ita daga sauran wuraren.

Wasu kuma za su ce yawancin waɗannan manhajoji kyauta ne, 'yan sa-kai ne ke rubuta su a lokacin hutunsu, don haka bai dace a ɗora musu laifi ba. Na yarda da rabin wannan magana. Inda kamfani ke karɓar kuɗi duk wata, hakkin mai biya ne a gaya masa abin da ya saya. Inda kuwa aikin na sa-kai ne, kamar tree-sitter da magajin ctags da ake ci gaba da kula da shi, ƙofarsu a buɗe take ga duk mai son kai rahoton matsala ko gyara takarda. Wanda ke zaune a Turai bai taɓa rubuta ɗ ba, kuma ba zai yi mafarkinta ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan mu da ke rubuta ta kullum muka yi shiru, ba mu da bakin ƙorafi.

Na uku su ne masu cewa wannan ba aikin ɗalibin Hausa ba ne. Ina tunatar da su cewa ƙa'idojin rubutun da muke alfahari da su yau ba daga sama suka faɗo ba. Mutane ne suka zauna suka yi ta gardama a kansu, tun daga ƙa'idojin Hanns Vischer na 1912, zuwa aikin Rupert East da abokan aikinsa a Zariya, zuwa taron Bamako na 1966. A wancan zamani injin ɗab'i ne ke buƙatar a koya masa lanƙwasa. Yau kuma fihirisa ce, kuma aikin na masu harshen ne kamar yadda yake a da.

Kammalawa

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai mai sauƙi ce, kuma ba ta buƙatar ka iya gina manhaja. Ka rubuta kalmomi goma a fayil guda: kasa da ƙasa, baki da baƙi, bari da ɓari, daka da ɗaka, 'ya'ya da ƴaƴa. Idan kana da wani harshe bayan Hausa, ko Jju ne ko Hyam ko Fulfulde ko Kanuri, ka ƙara biyu daga cikinsa masu alamomi. Ka sami abokinka na sashen kwamfuta ku ba manhajar, ku nemi kowace kalma ɗaya bayan ɗaya, ku rubuta abin da ya fito, sannan ku gwada shi da abin da takardar bayani ta yi alkawari. Aikin bai wuce awa ɗaya ba, kuma sai an gwada akan san na ƙwarai. Abin da kuka samu ku aika wa masu manhajar, ku kuma kawo wa wannan mujalla tamu domin na baya su amfana. Ina ganin ma akwai batun kundin kammala digiri a nan ga wanda bai riga ya zaɓa ba, kuma zai yi kyau idan ɗaliban harshe da na kwamfuta, har da na reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan da na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, suka haɗa hannu a kai.

Game da ɗan ƙamusunmu, har yanzu bai kammala ba, amma ya sami abin da ba shi da shi a da. Mun rubuta masa takardar bayani ta shafi ɗaya, da Hausa. Mun faɗi cewa kalmomin daga bakin dattawa huɗu na unguwa ɗaya suka fito, cewa Hausar da ke ciki Daidaitacciya ce gwargwadon iyawar wanda ya koye ta a makaranta, cewa ba mu sa karin sauti ba, cewa neman kasa ba zai kawo ƙasa ba, kuma mun sa kwanan wata. Mun cire duk jimlolin da ke da sunayen dangi, mun koma ga manhajar da ke aiki a cikin kwamfutarmu kawai. Da na je gida hutun tsakiyar zango na zauna na fassara wa kakata shafin layi-layi. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce in ɗauko wayar, akwai sunayen ciyayi guda bakwai da ta manta ba ta gaya mini ba.